Wa Zai Ɗaga Ka a Can? Gargaɗi ga Mai Keken Guragu da Zai Fita Waje Shi Kaɗai

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai da ke kan keke, biza ta fito? Tikiti ya zo hannu? Umara za ka, ko Urushalima? Asibiti ne a Indiya ko Masar, ko karatu ka samu? Kuma kai kaɗai za ka tafi, don kuɗin mutum biyu ya gagara? To dakata. Ajiye jakar nan. Karanta wannan yau, kada ka bari sai daren tafiya.

Tambaya ɗaya nake so ka fara amsawa. Wa zai ɗaga ka a can?

A nan Kafanchan ba ka taɓa yi wa kanka wannan tambayar ba, don ba ta taɓa tasowa ba. Ka isa ƙofar coci ko masallaci, ga matakala uku, kafin ka buɗe baki samari huɗu sun cicciɓe ka har ciki. Taya ta faɗa kwata a kasuwa, mai baro ya ajiye baronsa ya zo. Ƙarfe ya karye, ga mai walda a bakin titi, kafin la'asar ya gama, wata rana ma ya ce bar kuɗinka. Titunanmu ba su san da kai ba, gine-ginenmu ma haka, amma garin yana da hannaye. Daga Kagoro zuwa Zonkwa, daga Kwoi zuwa Gidan Waya, a kan hannun mutane kake tafiya. Ka saba da shi har ka daina ganinsa.

Hannun nan ba zai bi ka cikin jirgi ba. A can, ma'aikacin da bai ga sunanka a takarda ba wucewa zai yi. Wasu ma ƙa'idar aikinsu ta hana su ɗaukar mutum. Taimako akwai shi, har ya fi namu tsari, amma na wanda ya nema ne a rubuce tun kafin ya bar gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nema? Yaushe? Wa ya amsa maka?

Fara da kekenka. A ƙofar jirgi za a raba ku. Za a sa ka a wata siririyar kujera a shiga da kai, shi kuma a jefa shi ƙasa cikin akwatuna da buhuna. Ka san abin da ke samunsa a can? A Amurka, inda doka ta tilasta wa kamfanonin jiragen sama su bayyana adadin, an lalata ko an ɓatar da kekuna fiye da 11,000 a 2022. A 2023 ma haka. Wannan a ƙasar da ake ƙirgawa ke nan, ƙasar da a Oktoban 2024 ta ci kamfanin American Airlines tarar dala miliyan 50 saboda yadda yake yi da masu keke. Mu namu wa ke ƙirgawa?

Ka ji labarin Engracia Figueroa. 'Yar gwagwarmayar kare haƙƙin nakasassu ce, shekarunta 51. A Yulin 2021 ta taso daga Washington zuwa Los Angeles, aka miƙo mata kekenta a lalace. Keken na dala 30,000 ne, an ƙera shi daidai jikinta. Ta yi kusan awa biyar a filin jirgi a kan wani keken aro da bai dace da ita ba. Gyambon zama ya buɗe. Ciwon ya ci har ƙashi. Ranar 31 ga Oktoba na shekarar ta rasu. Mace ce mai ilimi, mai baki, a cikin ƙasarta, tana jin harshen mutanen da take faɗa da su. Kai fa, a Alƙahira ko Delhi, da wane baki?

Kada ka ce za su biya. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, tana lissafa kekenka a cikin kayan matafiyi, kamar akwatin tufafi. Iyakar diyyar da ta ɗora wa kamfani tana wajen dala dubu biyu ne, sai fa in ka bayyana darajar keken tun wajen awon kaya. Ko sun yarda za su biya, takardu wata da watanni suke ɗauka. A kan me za ka zauna kafin nan?

Don haka ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare a filin jirgi, a gaban ma'aikacinsu. Cire matashin zama, ka shiga da shi, ka zauna a kansa cikin jirgi. Cire matakin ƙafa da duk abin da ke cirewa. Rubuta sunanka da lambarka da yadda ake naɗe shi, ka manna. Tafi da tib na taya, da faci, da sifana a cikin babban akwati. Babu mai faci a bakin titin Landan. Idan keken mai batir ne, faɗa wa kamfanin jirgin irin batirin tun wuri. Na litiyam da ake cirewa, ƙa'idar ita ce kada ƙarfinsa ya wuce Wh 300, kuma a hannu ake shiga da shi. Wanda bai faɗa ba, a ƙofa ake tsayar da shi, jirgi ya tashi ya bar shi. Idan ka sauka ka ga ɓarna, kada ka fita daga filin sai an rubuta rahoto an ba ka kofi.

Wata magana ta musamman ga 'yan'uwanmu da shan inna ta kama tun suna yara. Da yawa a kudancin Kaduna keke mai taya uku suke hawa, na tuƙawa da hannu, irin wanda cibiyar Beautiful Gate ta Jos ta daɗe tana ƙerawa tana rabawa kyauta. Allah ya saka musu. Keken nan jarumi ne a hanyar ƙauye, yana cin yashi da laka. Amma ba ya naɗewa. Ya fi ƙofar banɗakin otal tsawo. Ba zai shiga bayan tasi ba, lif ma da wuya ya juya a ciki. Ka auna shi? Nemi mai naɗewa tun yanzu, ka yi makonni kana koyonsa a tsakar gida. Kada ranar farko a kansa ta zama a filin jirgin Addis Ababa.

Sai maganar da mutanenmu ke ɓoyewa. Da yawa suna tsoron in sun faɗi gaskiyar halinsu za a hana su tafiya. Sai ejan ya yanki tikiti, bai rubuta komai ba, ko ya rubuta abu mai sauƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kamfanonin jirage suna da alamomi uku na masu buƙatar keke. WCHR na mai iya hawa matakala ne, nisa kawai ke ba shi wahala. WCHS na wanda ba ya iya matakala amma zai taka zuwa kujerarsa. WCHC na wanda ba ya takawa ko kaɗan, sai an kai shi har kujera. Wanne ne a tikitinka? Duba yanzu. Idan kai WCHC ne aka rubuta WCHR, za ka tsinci kanka a gindin matakalar jirgi, rana na dukanka, ana duban juna. A ƙasashen Turai dokarsu ta 2006 ta ce taimakon kyauta ne, amma a sanar da awa 48 kafin tashi. Kai kada ka jira awa 48. Sanar ranar da ka sayi tikiti, ka sake kira saura kwana uku, ka ce a turo maka a rubuce. Tambaye su kai tsaye: za ku ɗauke ni ni kaɗai? Wasu kamfanoni ba sa ɗaukar wanda ba zai iya taimakon kansa ba in an ce a fita da gaggawa, sai da ɗan rakiya. Gara ka ji wannan kana Kafanchan da ka ji shi a Abuja bayan ka sayar da gona.

Banɗaki fa? Kada ka ji kunya, tambaya ce ta rai. Ma'aikatan jirgi ba sa ɗaga mutum, ba sa shiga banɗaki da shi, ba sa ba shi magani. Masu sauraron BBC sun san Frank Gardner, wakilinsu kan harkar tsaro, wanda 'yan bindiga suka harbe a Riyadh a 2004 har ya daina tafiya. A 2024, cikin jirgi daga Warsaw zuwa Landan, da jan ciki ya je banɗaki a gaban fasinjoji, sanye da kwat ɗinsa, don jirgin ba shi da keken tsakanin kujeru. Mutumin da duniya ta sani ke nan. Tambayi kamfaninka ko jirginsu yana da wannan keken. Idan sun yi inda-inda, sauya kamfani.

Yanzu zo mu yi lissafin zama. Daga Kafanchan zuwa Abuja, ko ta Keffi ka bi ko ta Bwari, awa uku zuwa huɗu ne in hanya ta yi kyau, a matse cikin mota, ramuka na jijjiga ka. Awa uku na jira a filin jirgi. Wajen awa biyar a sama zuwa Jidda ko Alƙahira, fiye da shida zuwa Landan. In Indiya ce, ga jiran canjin jirgi, ga wani tashin. Kai za a fara shigarwa, kai za a fitar a ƙarshe. Awa nawa ke nan? Fatar mai ciwon laka ba ta jin zafi, ba za ta gaya maka tana mutuwa ba. Awoyi kaɗan sun isa gyambo ya fara daga ciki. Ɗaga jikinka ko karkata kowane ɗan lokaci. Kwana a Abuja ka huta kafin ka tashi, ko da a gidan ɗan'uwa ne. Da ka isa masauki, ɗauki madubi ka duba mazaunai da dugadugai. Ka ga wurin da ya yi duhu, ko ya yi tauri, ko ya ɗau zafi? Kada ka sake zama a kansa.

Na san dabarar da ake yi: a ƙi shan ruwa tun daren jiya don kada fitsari ya matsa. Daina. Wannan dabarar ke kawo ciwon mafitsara da daskarewar jini a ƙafa. Sha ruwa, ka shirya robar fitsari da jakarta da abin sauyawa a jakar hannu, fiye da abin da kake zaton za ka buƙata. Wanda raunin lakarsa ke sama, daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, ya kula ƙwarai. Mafitsara in ta cika ta toshe tana iya harba hawan jini nan take. Ciwon kai mai sara, gumi a fuska, toshewar hanci. Wannan ba gajiyar tafiya ba ce, tana kisa. Je wurin likitanka, a asibitin Yakowa ko duk inda kake zuwa, ya rubuta maka halinka da Turanci, ka riƙe takardar a aljihun gaba.

Ga babban abin da ke hana ni barci. Jakarka.

Mai ƙafa yana riƙe da kayansa, yana bin su da ido. Kai hannuwanka biyu suna kan taya. Dole wani ya ɗauka maka. Wane ne shi? Ka tuna Zainab Aliyu, ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ta Kano. A Disamban 2018 ta tafi Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Wasu a filin jirgin Malam Aminu Kano suka manna sunanta a jakar da ba tata ba, cike da tramadol. Aka kama ta a Madina. Wata huɗu tana tsare, a ƙasar da ke yanke wa mai safarar ƙwaya hukuncin kisa. Sai da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta bankaɗo masu aikin, gwamnati ta sa baki, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Ita da idonta, da ƙafarta, da danginta a gefe. Kai da aka tura ka gefe aka ce "Alhaji jira nan, bari in auno maka", me ka gani?

Kada ka miƙa fasfo da tikiti ga wanda zai ɓace maka da gani. Ce a tura ka har gaban teburin awo. Ƙirga jakunkunanka da bakinka. Ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka. Jaka biyu, takarda biyu. Ka ga uku? Yi ihu a wurin. Kada ka karɓi saƙon kowa. Ko yaji ne, ko daddawa, ko ɗan kilishi za a kai wa wani a Makka. Ko ɗan cocinku ne, ko wanda kuke sahu ɗaya. Ce a'a, a ji haushinka. Kada kuma ka bar kekenka ya kwana a hannun wanda ba ka sani ba gab da tafiya. Bututun ƙarfe rami ne, matashi ma ana farke shi a ɗinke. Masu wannan sana'a sun san ana tausaya wa mai keke, shi ya sa suke nemansa.

Maganinka na kanka ma yana iya ɗaure ka. Da yawa cikinku likita ya ɗora ku a kan tramadol ko kodin saboda ciwon jijiya. A Masar da Saudiyya da Dubai, shiga da su ba takarda laifi ne babba. A Disamban 2017 wata kotu a Masar ta ɗaure wata 'yar Ingila, Laura Plummer, shekara uku, saboda ƙwayar tramadol 290 da aka samu a akwatinta. Kada ka zube magani a leda. Bar shi a kwalinsa. Riƙe takardar likita mai hatimi, da sunanka, da adadin da kake sha. Ɗauki na kwanakin tafiya kawai. Tambayi ofishin jakadancin ƙasar a Abuja kafin ka tashi.

Wani kuma zai zo maka da fara'a. Zai ce akwai mai kuɗi da ke kai nakasassu Umara kyauta, ko wata ƙungiya a waje da za ta yi maka aiki a ƙafa. Fasfo kawai za ka kawo. Tambaye shi: wa ya biya? Me zan yi in na isa? Wa zai riƙe fasfona? Ina tikitin dawowa? An daɗe ana kwasar guragu da makafi da yara daga ƙasar Hausa ana zaunar da su bara a titunan wasu ƙasashe, da yamma uban tafiya ya zo ya juye kwanon. A Saudiyya bara laifi ne: ɗauri har wata shida, ko tara har riyal 50,000, sannan a koro baƙo. Kai za a kama, shi yana gefe. Mai ƙafa in ya ga abin ya ɓaci yana iya sulalewa cikin dare. Kai in an ɗauke kekenka an kulle a wani ɗaki, ina za ka? Aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai ake bi, ziyarar Isra'ila ta hannun hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista. In ka ji ƙanshin safarar mutane, kai ƙara ga NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da safarar.

Mai niyyar Makka, ka ji wannan. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar hukuma. Mai ciwon laka jikinsa ba ya gumi yadda ya kamata daga inda raunin yake zuwa ƙasa. Yana dahuwa bai sani ba. Kuma kana zaune ne, kusa da kwalta, a tsakiyar cinkoso, iska ba ta iso ka. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku. Ɗawafi a bene, inda aka fi kai masu keke, ya fi na ƙasa nisa sosai. Kafaɗarka za ta iya? In za ka ɗauki mai turawa, ɗauki na hukuma, mai rigar aiki. Ku yi ciniki kafin a fara. Kada ka biya duka sai an gama. Wanda ya tare ka a titi da araha yana iya ajiye ka a zagaye na huɗu ya ɓace.

Mai zuwa Urushalima, tsohon birnin duwatsu ne masu santsi da matakala da lunguna. Hanyar da ake bi ana tuna wahalar Yesu Almasihu hawa ce da gangara. Ayari ba ya jira, mai jagora yana da agogo. Tambayi fasto ko shugaban tafiya tun a gida: wa aka ɗora wa turana? A faɗi sunansa. "Ai muna da yawa, za a taimaka" ba amsa ba ce. A cikin mutum arba'in ake manta mutum a bakin mota.

Otal ya ce yana da ɗakin nakasassu? Kada ka yarda da baki. Auna faɗin kekenka da tef, ka ce su turo hoton ƙofa da banɗaki ta WhatsApp, da awonsu. Nemi ɗakin ƙasa. In gobara ta tashi, lif ake fara kashewa. A hawa na tara, wa zai sauko da kai?

Kada ka ce tashin hankali ba zai same ka ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Ɗalibanmu, da yawa 'yan Arewa, suka bi motoci cikin hamada, suka yi kwanaki a yashe a iyakar Masar. A yaƙin Yukren na 2022, da ƙafa wasu suka taka zuwa iyakar Poland cikin sanyi. A Yunin 2025 Isra'ila ta rufe sararin samaniyarta dare ɗaya. Masu ƙafa ma da ƙyar suka sha. Don haka ranar da ka sauka, sanar da ofishin jakadancin Najeriya cewa kana nan, kuma a kan keke kake. Nemi Hausawan garin, kusan ko'ina akwai su, a Jidda, a Alƙahira, a Delhi. Riƙe lambar mutum biyu. Haddace lambar gaggawa: 112 a Turai da Indiya, 999 a Ingila, 911 a Amurka da Makka. Rataya waya da fasfo da kuɗi a ƙirjinka, cikin riga. Jakar da ke rataye a bayan keke ta ɓarawo ce, ba ka ganinta. Sayi inshorar lafiya, ka faɗa musu lalurarka, don in ka ɓoye ba za su biya ba.

Wahalar ma tun daga gida take farawa. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa kamfanonin jiragen da ke aiki a Najeriya su tanadi keke mai aiki, su taimaka maka hawa da sauka, su fara shigar da kai. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika tun Janairun 2024. Je ka duba matakalar bankinku da ofisoshin da za ka bi neman takardu, ka gaya mini. Duk da haka riƙe dokar a wayarka, ka nuna ta in an yi maka gardama. Akwai Hukumar Nakasassu ta Ƙasa a Abuja, kuma wanda aka naɗa ya shugabance ta a 2024, Ayuba Gufwan, mutumin Filato ne da shan inna ta kama, shi ne ma na cibiyar nan ta Jos. Kai kukanka can.

Iyaye, 'yan'uwa, limamai, fastoci, ku ma da ku nake. Kun yi karo-karo kun haɗa kuɗin tikiti, madalla. Amma kada ku kai shi tasha ku ɗaga hannu ku juyo. Mutum ɗaya ya raka shi har teburin awon kaya a Abuja. Mutum ɗaya ya riƙe hoton fasfonsa, da lambar jirgi, da sunan masauki. Ku sa lokacin da zai kira kullum. In lokacin ya wuce da awa biyu bai kira ba, ku fara neman sa a daren, kada ku ce sai da safe. In kuma lissafi ya nuna jikinsa ba zai ɗauki tafiyar shi kaɗai ba, ku ɗaga ta, ku ƙara tara na mutum biyu.

Kai kuma, saura kwana nawa? Ɗauko tikitin nan yanzu. Nemi haruffa huɗun nan, WCHR, WCHS ko WCHC. Babu su? Kira ejan kafin ya rufe shago.